Ba Sai Kin Dawo da Ita Ba

Yayata ba tarkace ta tara ba. Da wannan zan fara, domin tun da suka tashi daga tsohon gidan nan, duk wanda ya buɗe baki sai ya ce, "Ai gara da aka rage mata tarkacen, ko ta sha iska." Masu faɗar haka kuwa, in ka shiga ɗakunansu yau, a kan kujerarta za su zaunar da kai.

Mijinta mai fenti ne, Allah Ya ji ƙansa. Yawancin aikinsa a gidajen haya yake. In masu haya sun tashi, sai mai gida ya kira shi ya shafe bango kafin sababbi su shigo. Mai tashi kuwa ba ya rasa barin abu a baya. Wani ya bar bahon wankan jariri don 'ya'yansa sun girma, wani ya bar sandunan dogarawa don ƙafarsa ta warke, wani ya bar keken mara lafiya don mara lafiyar ya riga mu gidan gaskiya. Mai gida ya ce a zubar. Shi kuma Mai Fenti hannunsa ba ya iya zubar da abin da bai mutu ba. Sai ya ɗora a baro ya turo gida, fenti har gira, ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushi kamar wanda ya dawo daga farauta.

"Yau kuma me ka kaso mana?" in ji Yaya.

"Tukunya. Gindinta kaɗai ke yoyo."

"To ai gindin ne tukunyar, malam."

Tana faɗa tana karɓa. Ta kai wa mai walda ya liƙe, ta dirje ta da toka har sai ta ga fuskarta a ciki, sannan ta kife ta a wani ɗan ɗaki da ke bayan gidan, wanda ko taga ba shi da ita. A hankali ɗakin nan ya cika. Kujerun roba da ba biyun da suka yi kala ɗaya, katifar baƙi a naɗe da igiya, dutsen guga, fitila mai caji, babban akwatin tafiya mai taya, kula wadda murfinta sai an danne da gwiwa. A jikin bangon waje kuma, ƙarƙashin rumfa, tsanin Mai Fenti ne a jingine, dogo, na katako, kowane mataki da ɗigon fentin gidan wani.

Ita kanta ba ta amfani da ko ɗaya. Mutanen layin ne ke zuwa aro. Wadda ta haihu ta zo ɗaukar baho, wanda ya yi baƙi ya zo ɗaukar katifa, wanda rufinsa ya tsiyaya ya zo ɗaukar tsani. Har aka manta sunanta na yanka, yaro da babba Gwaggon Aro suke ce mata, har da waɗanda suka girme ta.

Ba ta karɓar komai a hannun kowa. Ka'idarta guda ce, kuma a kanta ba ta da wasa: wanda ya ɗauka shi zai dawo da shi da ƙafarsa. Ba a aikowa, ba a jinginewa a bakin ƙofa a wuce. Ka shigo, ka zauna a bencin da ke tsakar gida, ka sha ruwa, ka gaya mata yadda abin ya yi maka aiki. "Aro ƙafa biyu gare shi," haka take cewa, "ta zuwa da ta dawowa. Mai ƙafa ɗaya ba aro ba ne, ɗauka ce."

Akwai wani tela a bakin layin, shi ne babban mai aron tsani, don allon shagonsa kullum iska na karkata shi. Wata rana ya aiko matarsa ta dawo da tsanin. Yaya ta dube ta, ta dubi tsanin.

"Ke kika hau?"

"A'a, Gwaggo, shi ya hau."

"To me za ki gaya mini a kansa? Koma da shi, ki ce wanda ya hau ya zo."

Haka matar nan ta juya da tsani a ka, tana dariya tana ƙunƙuni. Da yamma sai ga Tela da kansa, ya zauna a benci, ya ba da labarin allo, daga allo ya gangara kan ciwon bayansa, daga ciwon baya kan ɗansa da ya ƙi karatu. Bai tashi ba sai da aka kunna fitilu.

Nakan tsokane ta in ce, "Yaya, ke ce gwamnatin layin nan."

Ta ce, "Gwamnati tana ba da aro ne, Barkono?" Barkono take kirana tun muna yara, wai bakina ba ya shiga miya sai an yi tari.

Bayan rasuwar Mai Fenti gwiwoyinta suka fara ba ta wahala, fita ta zama sai dole. Dama can ba mai yawon gidaje ba ce. Tana da wani irin girman kai na talakan da ya riƙe mutuncinsa: ba ta shiga gidan mutum hannu rabbana, kuma tun da nake da ita ban taɓa ganin ta ari ko allura ba. In babu, ta haƙura. Saboda haka duniyarta gaba ɗaya ta ƙofar nan take shigowa. Labarin wanda ya samu aiki, wanda aka kwantar a asibiti, wadda ta yi yaji ta dawo, duk a kan bencin nan ake sauke mata su, tare da tukunya ko katifa. Ta taɓa ce mini, muna zaune tana goge tayar keken mara lafiya, "Ranar da kika ji an wuni ba a buga ƙofar nan ba, ki zo ki duba ko ina numfashi." Da dariya ta faɗa. Ni ban yi dariya ba.

Ɗanta ɗaya ne tal, Dogo muke ce masa. A siton wani kamfanin sabulu yake aiki, shi da matarsa da 'ya'yansu duk a gidan suke tare da ita. Ba zan ce mugu ba ne, don ba mugu ba ne. Yaro ne da gajiya ta ci masa fuska tun kafin furfura. Matarsa kuwa mai shiru ce, ba ni da abin faɗa a kanta.

Sai mai gidan ya ƙara kuɗin haya, ƙarin da ko kunya babu a cikinsa. Gidan da Mai Fenti ya yi ta shafe masa bango kyauta duk lokacin da ya dusashe. Dogo ya yi ta neman wuri har ya samu wani a can ɗaya gefen gari, a wani dogon bene, hawa na can sama. Ɗakuna biyu da ɗan falo. Babu tsakar gida, babu rumfa, babu ɗakin baya. Motar kwasar kaya kuma da sawu ake biyanta, shi kuwa ƙarfinsa sawu ɗaya ne. Abin da bai shiga sawun nan ba, ba zai je ba.

Har nan ban ga laifinsa ba. Inda raina ya fara ɓaci shi ne ranar da ya zo da wata dabara da ya karanto a waya, yana ɗauke da ita kamar ya samo maganin mutuwa. Wai duk abin da mutum ya shekara bai yi amfani da shi ba, to ba ya buƙatarsa. Ya buɗe ɗakin baya, ya sa aka kawo wa uwarsa kujera, ya fara fito da kaya ɗaya bayan ɗaya. Ina nan a tsaye, na zo taya su ɗaurin kwanuka.

Ya ɗaga bahon jariri. "Umma, yaushe rabonki da amfani da wannan?"

"Ni? Ban taɓa ba."

Ya ajiye a gefen da ba za a tafi da shi ba. Ya jawo keken mara lafiya. "Wannan fa?"

"Allah Ya kiyaye. Ban taɓa hawa ba."

Ya tura gefe. Katifa, ban taɓa ba. Kula, ban taɓa ba. Yaya ba ta iya ƙarya, ko ta wasa. Yana tambaya tana ba shi gaskiya, gaskiyar tana cinye ta a gabana. Bahon nan kuwa ko sati bai yi da dawowa daga gidan direban tasi ba, da ɗan ƙamshin sabulun jarirai a jikinsa.

Na kasa haƙuri. Na ce, "Kai Dogo, tambayarka ce ba ta da kai. Ka tambaye ta yaushe rabon abin da fita, ba yaushe rabonta da amfani da shi ba. Wanda ya rubuta maka dabarar nan shi kaɗai yake zaune a duniya?"

"Inna, don Allah."

"Kar ka haɗa ni da Allah. Ko wancan tsanin kai ba ka taɓa hawa ba, amma rabin rufin layin nan da shi aka gyara."

Ya goge zufa da gefen riga. Ya ce, "Inna, mai mota ba da zumunci ake biyansa ba. Ko na kai su can, a ina zan sa? A kan gadon yara? In kina da wuri, ki ɗauka, yau ɗin nan zan turo miki."

Ya san ɗakina. Ni da maigidana da yara, ko juyawa sai da dabara. Na koma kan ɗaurin kwanukana. Ba don ya fi ni gaskiya ba, sai don talauci in ya shiga magana shi ke yin ta ƙarshe.

Washegari Dogo ya kira mai sayen tsofaffin ƙarafa. Mutumin ya zo da ma'auninsa mai ƙugiya, ya dubi keken mara lafiya, ya taka tayar da ƙafa, ya ce robar ba ta da amfani a wurinsa, sai an cire ta kafin ya auna. Yaya ta miƙe da kyar, ta dafa keken.

"Keken da ya kai mutane asibiti ya dawo da su, shi za ka rataya a ƙugiya kamar nama? Sauka lafiya, malam."

Da ya tafi ta ce ta yanke shawara. Za ta raba kayan, kowane abu ta bai wa wanda ya fi aronsa.

Na ja ta cikin ɗaki na ce, "Yaya, ki ce musu aro ne. Kar ki ce kyauta."

"Aron da in an dawo da shi ba ni da inda zan sa shi, ai ba aro ba ne. Yaudara ce."

"To in kin ba su, me zai kai su wurinki?"

Ta dube ni kamar na zagi wani nata. "Kina nufin don tukunya suke zuwa?"

"Ina nufin tukunya ce ke tuna musu hanya."

"Barkono, ki ji tsoron Allah. Mutanen nan a kan bencin nan suka yi kuka, a kansa suka yi dariya. Za su zo."

Wannan ne kuskurenta, kuma kuskure ne irin na wanda ya yi shekaru ana buga masa ƙofa har ya ɗauka don shi ake bugawa.

Ranar rabon, labari ya riga rana fitowa. Ban taɓa ganin layin nan ya taru haka ba, ko ranar da aka fitar da Mai Fenti. Matar mai shago da malamar makaranta suka kama kunnuwan babbar tukunya, kowace ta riƙe ɗaya, suna murmushi suna ja.

"Ai ni na fi aronta, Gwaggo ta sani."

"Kin fi aronta ko kin fi daɗewa ba ki dawo da ita ba?"

Direban tasi ya naɗe keken mara lafiya ya sa a bayan mota, alhali tsohuwarsa da ake turawa a kai ta daɗe a kabari. Wai a ajiye, ba a san gobe ba. Wata da ban taɓa ganin fuskarta ba ta fita da fitila a hammata. Kujeru suka bi ƙofa bibbiyu. Kowa na fita yana cewa, "Allah Ya saka, Gwaggo. Za mu zo, har sai kin gaji da mu." Yaya ta cika tulun ruwa tun safe, ta jera kofuna. Ba wanda ya sha. Ba wanda ya zauna. Wa zai zauna, alhali kafin ya tashi an kwashe rabonsa?

Can wajen la'asar tana zaune a bakin bencin, ta miƙe ƙafafu, sai ga mai shago da kansa yana sosa ƙeya.

"Gwaggo, bencin nan fa, da shi za a tafi?"

Dogo ya ce bencin ba zai shiga mota ba.

"To ɗan ɗaga, Gwaggo, in rage muku nauyi."

Ta ɗaga. Wallahi ta ɗaga. Ta dafa bango ta tsaya, ya saɓa bencin a kafaɗa ya fita yana yi mata addu'a. Na bi shi da wata kalma da ba zan rubuta a nan ba. Yaya ta ce, "Barkono, bari. Ai gara a zauna a kai da a faskara shi."

Abu ɗaya ta hana: tsanin. Duk wanda ya kai hannu sai ta ce, "Wannan da ni zai tafi."

Ranar tashi motar ta zo, aka loda gadaje da katifu da buhunan tufafi har ta cika ta yi tozo. Direban, wani gajere mai tsinke a baki, ya dubi tsanin ya girgiza kai. Ya ce ya fi bayan motarsa tsawo, in ya leƙo waje za a tare shi a hanya, shi kuma ba zai yi wa katako bayani ba. Sai dai a yi masa sawu na biyu.

Dogo ya zo ya tsaya gaban uwarsa. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Umma, a can sama me za ki hau? Gajimare?"

Hannunta na kan wani mataki mai ɗigon shuɗin fenti, tana murza shi da babban yatsa. Direba ya danna ham. Yara suna ta leƙowa ta taga. Sai ta ɗaga kai ta hangi Tela a bakin shagonsa, ta yafito shi.

"Tela, ka ga tsanin nan?"

"Na gani, Gwaggo."

"Wannan ba kyauta ba ce. Aro ne. Ka ji ni da kyau? Ka gama da shi, ka dawo mini da shi da ƙafarka. Ko a ƙasan benen ka jingine, ka hau ka gaya mini."

"Ai ko ba tsani zan zo, Gwaggo."

"Da tsanin nake so."

Ta san ba ta da wurin sa shi. Ita da ta ce aron da ba shi da wurin dawowa yaudara ne. Amma ta bar wa kanta igiya guda a tsohon layin, ta riƙe bakin igiyar ta shiga mota.

Sabon gidan ba zan ce ba shi da kyau ba. Akwai ruwa a famfo, bangon ba ya tsattsafo. Amma matakalar benen ta cinye sauran gwiwoyinta tun hawan farko, ta hau ke nan ba ta ƙara sauka ba. Dogo da matarsa su fita tun safe, yara su tafi makaranta. Ita kaɗai, da wata kujera da ta ja kusa da ƙofa. Ƙofofin benen duk na ƙarfe ne, kowace da ɗan ramin leƙe da sarƙa a ciki. Mutane na wucewa a baranda da makullai a hannu, ka ji takunsu ya matso, ka ji ya wuce.

A farkon zuwana na tarar ta cika jug da ruwa ta jera kofuna a faranti.

"Baƙi za ki yi?"

"Ba a sani ba. Hanyar ce da nisa, sai sun shirya."

Matar mai shago ta buga waya sau ɗaya, ba don gaisuwa ba, wai murfin tukunyar bai biyo ta ba, ko yana cikin kayansu? Shi ke nan. Malamar makaranta ta aiko da gaisuwa ta bakin wani, gaisuwar ma a hanya ta tsufa kafin ta iso. Duk zuwan da na yi, kafin in cire takalmi tambayarta ɗaya ce: "Ba ki ji ko Tela ya gama da tsanin ba?"

Da abin ya ishe ni sai na shirya na tafi tsohon layin da niyyar in wanke su tas. Bencin yana ƙofar mai shago, 'yan zaman banza sun cika shi. Na wuce ban yi sallama ba. Na shiga shagon Tela. Yana kan keke yana ɗinki, ya ɗago yana washe baki.

"A'a, Hajiya Barkono. Ina Gwaggo? Kullum ina cewa zan je."

Ni kuwa idona ya riga ya kai bangon bayansa. Kanta ce sabuwa, hawa-hawa, an jera yadudduka a kai. An yanke tsanin gida biyu, an kafa kowane rabi a gefe, an gitta alluna a kan matakan. Ga ɗigon shuɗin fentin nan yana leƙowa ƙarƙashin wani farin yadi.

Na ce, "Tela, aro aka ba ka."

"Ai wannan maganar tsofaffi ce. Ita da ke saman bene, ina za ta kai tsani? Na ga kar ya ruɓe a waje ne."

"Ta ce ka dawo da shi da ƙafarka. A gabana ta faɗa."

"To yanzu ya za a yi? In biya ne?"

Na gaya masa cewa abin da ya yanke ba shi da kuɗinsa, ba shi kuma da hankalin gane shi. Na gaya masa wasu abubuwan kuma, har masu wucewa suka tsaya. Ya ce in yi haƙuri, zai je ya ba ta baki da kansa. Har yau dai yana kan hanya.

Da na koma wurin Yaya, tun ban zauna ba ta yi tambayarta. Mu gidanmu ba a iya ƙarya ba, na gaya mata yadda na gani. Ta juya tana kallon kofunan.

Can ta ce, "Ya yanke daidai kuwa? Katakon yana da tauri, in ba a bi shi a hankali ba sai ya tsage."

"Yaya, abin da za ki ce ke nan?"

"To me zan ce?"

Ta tashi ta zuba ruwan jug ɗin a bokiti, ta kife kofunan.

Zuwana na gaba na tarar da ita ta yi wanka ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau, wanda take ajiyewa don fita. Ta ce in riƙe mata hannu, za ta leƙa maƙwabta.

"Yin me?"

"Aron allura."

Na dube ta. A kan tagarta akwai ɗan matashin da take soke allurai, ya yi kama da bushiya don yawansu. Matar da ta shekara sittin da wani abu ba ta taɓa miƙa hannu ta ce a ara mata ba. Na gane, na kama hannunta.

Muka taka zuwa ƙofar da ke kallon tasu. Ta gyara ɗankwali, ta ƙwanƙwasa a hankali, irin yadda ake ƙwanƙwasa tata a da. Aka leƙo ta rami, aka buɗe iya tsawon sarƙa. Wata matashiya ce, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa.

"Sannu, 'yata. Ni ce maƙwabciyarku, uwar Dogo. Ko za ki ara mini allura? In na gama zan dawo miki da ita."

Yarinyar ba ta yi rashin kunya ba, kar in ɗauki alhakinta. Ta yi murmushi, ta ɗaga yatsa alamar a jira, ta ɓace, ta dawo da allura soke a 'yar takarda. Ta miƙo ta tsakanin ƙofa.

"Ga ta, Mama. Ki riƙe kawai, ba sai kin dawo da ita ba."

Ta koma kan wayarta, ƙofa ta rufe.

Muka dawo. Yaya ba ta sa allurar cikin 'yan'uwanta ba, sai ta soke ta a labulen bakin ƙofa, daidai tsayin ido.

Na ce, "Kin ji abin da ta ce."

"Na ji. Yarinya ce, ba ta sani ba. Gobe zan mayar, in ta buɗe sai mu gaisa sosai."

Dogo yakan ce mini yanzu, yana nuna falon da hannu, "Inna, kin ga yadda wuri ya yi fili? Umma ta huta da hayaniya." Ba na amsa masa, don in na fara ba zan tsaya ba, shi kuma gobe da sassafe zai fita aiki.

A makon jiya na je. Allurar tana nan a labule.

"Ba ki mayar ba?"

"Na je, ba ta nan. Na sake komawa, tana ciki, na ji motsinta."

"Sai me?"

"Ta ce tana wanka, in tura ta ƙarƙashin ƙofa."

"To me ya hana ki turawa, ki huta?"

Ta gyara zama a kujerarta ta bakin ƙofa, ta juya kunne wajen baranda, inda takun wani ya matso ya wuce.

"Ba a ajiye aro a bakin ƙofa, Barkono. Sai an shigo."